Yadda Ake Kiwon Kifin Beta da Hayayyafa Shi a Gida

Tambaya: Na sayi kifin beta namiji guda ɗaya, ja mai doguwar jela. An ba ni shi a cikin ƙaramar kwalba, mai sayarwa kuma ya ce ba ya buƙatar wurin da ya fi wannan. Yanzu na ga ya fara tara kumfa a saman ruwa. Shin rashin lafiya ce? Idan kuma na samo mace na haɗa su, me zan yi in sami 'ya'ya?

Amsa: Malam mai tambaya, ka kwantar da hankalinka game da kumfar nan, domin ba alamar ciwo ba ce, sheƙa ce kifinka yake ginawa. Namijin beta idan ya balaga yakan taso saman ruwa ya ɗebi iska a baki, ya gauraya ta da yawu mai yauƙi, ya furzar da ita, ya yi ta maimaitawa har kumfar ta taru ta yi tudu a gefe ɗaya. A cikinta yake adana ƙwai idan an yi saduwa, kuma yana gina ta ko da bai taɓa ganin mace ba. Sai dai kada kumfar ta sa ka ɗauka cewa kwalbar ta ishe shi. Na sha ganin kifi ya gina sheƙa a cikin ruwan da ya riga ya lalace, bayan 'yan makonni kuma jelarsa ta fara zagwanyewa. Maganar mai sayarwa ba daidai ba ce, kuma sauya wa kifin mazauni shi ne aikinka na farko, tun kafin a zo batun mace.

Asalin wannan kifi ƙasar Tailan ne, wadda a da ake kira Siyam, da maƙwabtanta irin su Kambodiya da Lawos da Biyetnam, a kwarin kogin Chao Phraya da na Mekong. A can yana rayuwa a fadamun shinkafa da kududdufai da ƙoramu marasa gudu, inda ruwa yake da ɗumi kuma ciyawa ta cika shi. A shekarar 1910 masanin kifaye ɗan Birtaniya Charles Tate Regan ya raɗa masa sunan kimiyya Betta splendens, a 2019 kuma gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Wani bincike a kan ƙwayoyin halittarsa da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa mutane sun kai shekara 1,000 suna kiwonsa, da farko domin faɗa, daga baya domin ado. Na dawa launinsa a dushe yake kuma fukafukansa gajeru ne. Ja da shuɗi da doguwar jelar da kake gani duk aikin masu kiwo ne da suka yi ta zaɓen iri, haka ma zafin zuciyar da ke sa maza biyu ba sa zama wuri ɗaya. Masu cewa ai a ɗan ruwa kaɗan yake zaune a ƙasarsu sun manta cewa fadamar shinkafa, ko da ba ta da zurfi, tana da faɗin da ƙazantar kifi ɗaya ba za ta taɓa gurɓata ta ba.

Dalilin da ya sa ake iya sayar da shi a kwalba shi ne wata gaɓa da ke cikin kansa, mai lanƙwasa-lanƙwasa, cike da jijiyoyin jini, wadda take ba shi damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa. Wanda ya san tarwada ya san irin wannan baiwa, domin ita ma tana daɗewa da rai a cikin laka bayan sauran kifaye sun mutu. To amma gaɓar nan ƙarancin iska kaɗai take kare shi daga gare shi, ba ta kare shi daga guba. Kifi yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya ta kumatunsa, kashinsa da ragowar abinci su ma suna ruɓewa su ƙara ta, kuma a cikin rabin lita na ruwa amoniyar tana taruwa cikin kwana ɗaya ko biyu ta ƙona masa kumatu da fukafukai. Idan ruwa ya yi zafi gubar tata ƙaruwa take yi. Kifin da ake kula da shi yakan yi shekara 3 ko fiye, amma na cikin kwalba sau da yawa ba ya cika shekara, sai mai shi ya ce ai dama kifin ba ya da ƙwari, alhali ƙwarin nasa ne ya sa ya jure wahalar na tsawon wannan lokaci.

Ka nema masa tankin gilashi mai cin lita 20 ko kusa da haka, wanda faɗinsa ya fi tsayinsa, domin kifi mai nauyin jela yana wahala idan sai ya yi doguwar tafiya kafin ya kai saman ruwa. Idan gilashi ya yi tsada, robar ajiya mai haske wadda ba a taɓa zuba sabulu ko mai a cikinta ba za ta yi. Ka sa murfi mai 'yan ƙofofin iska, ka bar tazara tsakaninsa da ruwa, saboda beta yana tsalle kuma da yawa ana tsintar su a ƙasa sun bushe. Matacin da ya fi dacewa da shi shi ne na soso wanda ƙaramin injin hura iska yake tafiyar da shi, a rage ƙarfinsa yadda ruwan ba zai riƙa wujijjiga kifin ba. Babban amfanin soson shi ne zama mazaunin wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda suke mayar da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan su mayar da ita naitiret, wadda cutarwarta ba ta da yawa. Kafin su yi yawan da ake buƙata sai an yi mako 4 zuwa 6, saboda haka a wannan tsakanin ka riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu, bayan nan kuma sau ɗaya a mako ya isa. Idan soson ya yi datti, ka matse shi a cikin tsohon ruwan da ka kwashe daga tankin, domin ruwan famfo yana kashe bakteriyar da ka daɗe kana jira.

Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, sinadarin da ake zubawa domin kashe ƙwayoyin cuta, mai cutar da kifi, wanda yake tashi idan an bar ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni, amma akwai wuraren da ake amfani da wani sinadarin mai suna kuloramin a madadinsa, shi kuwa ba ya tashi, sai an ɗiga maganin da masu sayar da kayan kifi suke sayarwa domin haka. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai kyau ba shi da wannan matsala. Kowanne ka zaɓa, ka tsaya a kansa, ka kuma tabbatar ɗumin sabon ruwa ya yi daidai da na tsohon kafin ka zuba.

Ɗumin da yake so shi ne digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, kuma a nan ne yanayinmu yake da abin lura. Da hunturu sanyin asuba a garuruwa irin su Kano da Jos da Damagaram yakan sauka ƙasa da digiri 15, ƙaramar kwalba kuwa tana bin sanyin ɗaki nan take, sai ka tarar da kifi ya kwanta a ƙasa ya naɗe fukafukai ya ƙi abinci, cuta kuma ta sami ƙofar shiga. Ƙaramar hita ta tankin kifi mai wat 25 ta ishi lita 20. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a ajiye tankin a ƙuryar ɗaki nesa da taga, a lulluɓe shi da bargo da daddare, in sanyi ya tsananta a cika gora da ruwan ɗumi a rufe ta a bar ta tana yawo a ciki. Da bazara kuma kada rana ta taɓa gilashin, in ruwan ya haura digiri 30 a ɗaga murfi a shimfiɗa raga a kunna fanka ta riƙa bugun samansa, kada a jefa ƙanƙara, domin saurin canji ya fi zafin kansa illa. Akwai kuma abin da nake roƙon kowane mai kiwon kifi ya kiyaye, wato maganin sauro na feshi da na hayaƙi. Sinadaran da ke cikinsu guba ne mai tsanani ga kifi, kuma feshi ɗaya a rufaffen ɗaki ya isa ya hallaka duk abin da ke cikin tanki. Idan dole ne a yi feshi, a kashe injin iska, a rufe tankin ruf da leda, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska sosai.

Kada ka bar tankin fayau. Kainuwa tana yi masa kyau ƙwarai, domin yana son fakewa a cikin saiwoyinta, yana gina sheƙa a ƙarƙashin ganyenta, ita kuma tana zuƙe wani ɓangare na ƙazantar ruwa. Sai dai wadda aka ɗebo daga kududdufi a wanke ta a ajiye ta a wani bokiti na mako biyu saboda matsattsaku da ƙwari, kuma kada a bar ta ta rufe saman ruwan gaba ɗaya. Akwai kuma tsiron anubiyas, wanda asalinsa dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru ne, ba ya buƙatar haske mai yawa, ana ɗaure shi a jikin dutse ba tare da an binne kututturensa ba. Masu kiwo a Tailan suna jefa busasshen ganyen bishiyar almon, wadda sunanta na kimiyya Terminalia catappa, ita ce mai faffaɗan ganyen da yake yin ja kafin ya faɗo, kuma ana shuka ta a garuruwanmu domin inuwa. Ganye ɗaya da aka wanke ya ishi lita 20. Zai rina ruwan ya yi launin shayi, ya ɗan sassauta shi, kifin kuma ya fi sakewa. Furannin roba masu kaifi kuwa suna yaga jela.

Beta macin ƙwari ne, bakinsa ma sama yake kallo domin kama abin da ya faɗo kan ruwa, don haka burodi da tuwo da shinkafa ba abincinsa ba ne. Ka ba shi ƙwayoyin abincin da aka yi dominsa, uku ko huɗu da safe, haka da yamma, ka bar shi da yunwa rana ɗaya a mako, ka kuma kwashe duk abin da bai ci ba. Yawan ciyarwa ya fi yunwa kashe waɗannan kifaye, domin yana kumbura musu ciki ya kuma ɓata ruwa. Tsutsar sauro abinci ce da babu kamarta a wurinsa, amma kada ka ajiye ruwa a gida da niyyar tara ta, saboda zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne. In ka same ta a wani wuri mai tsabta ka tace, ka ɗauraye, ka ba shi iya abin da zai cinye nan take.

Namiji shi kaɗai yake zama. Idan aka haɗa maza biyu sai sun yayyaga juna, kuma haɗa dabbobi faɗa domin kallo zalunci ne da malamai suka hana. Mace ma ba ta zama da namiji sai a kwanakin saduwa kaɗai. Game da ciwo, ka riƙa duba shi kullum lokacin ba da abinci: gefen jela da ya yi baƙi yana cinyewa ruɓewar fukafuki ce, kuma yawanci tsabtataccen ruwa mai ɗumi yana tsayar da ita tun tana farawa, fararen ɗigo-ɗigo a jiki, ko wata ƙura mai ruwan zinariya da ake gani idan an haska tocila, ƙwayoyin cuta ne masu buƙatar maganinsu na musamman, idan kuwa ciki ya kumbura ɓawon jiki ya miƙe tsaye, ciwon ya kai ga gaɓoɓin ciki kuma da wuya a tsira. Ka wanke hannu bayan taɓa ruwan tanki, kada kuma ka tsoma hannu mai rauni a ciki.

Yanzu sai batun hayayyafa, kuma ina so ka fara da lissafi kafin ka je neman mace. Saduwa ɗaya tana iya ba da ƙwai daga 'yan gomomi zuwa ɗaruruwa. A ce 'ya'ya 200 sun rayu, wajen rabinsu maza ne, kuma idan sun kai wata biyu zuwa uku kowane namiji sai an ware masa mazubinsa, ana sauya masa ruwa kullum ko bayan kwana ɗaya. A gonakin kifi na lardin Nakhon Pathom, kusa da Bankok, kwalabe ne dubbai a jere da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Kai kuma sai ka tambayi kanka ina za ka ajiye mazubi ɗari, wa zai sauya ruwansu ranar da ka yi tafiya, wa kuma zai saya ko ya karɓa idan sun girma. Haɗa namiji da mace aikin kwana biyu ne, raino kuwa aikin wata uku ne ba hutu, kuma a wurin rainon ne yawancin masu farawa suke asarar duk abin da aka ƙyanƙyashe. Shawarata ita ce ka riƙe wannan guda ɗaya na wasu watanni cikin ƙoshin lafiya tukuna, sannan ka zaɓi lokacin da dare ba ya sanyi, kamar damina, idan ba ka da tabbacin wuta.

Wurin zaɓen iyaye, a nemi matasa masu wata 4 zuwa 12, girmansu kusan ɗaya, macen ta ɗan gaza namijin. Kifin da ake sayarwa da cikakkiyar jela sau da yawa ya riga ya kwana biyu a duniya. Mai jela mai zubowa ƙasa, wanda nake zaton irinsa ne naka, gadonsa yana rinjayar sauran, don haka 'ya'yansa irinsa za su fito. Akwai wanda jelarsa take buɗewa ta yi rabin da'ira cif, digiri 180, akwai mai jela tsinke-tsinke da aka samar a Indonesiya, akwai kuma mai gajerun fukafukai da ake kira falakat, wanda shi na fi so wa mai farawa saboda ƙarfinsa da kuzarinsa wajen kula da sheƙa. Mai jela biyu ba a haɗa shi da mai jela biyu, domin 'ya'yan sukan fito da gajeren jiki ko karkataccen baya. Masu dabbare-dabbare kuma launinsu yana sauyawa yayin da suke girma, kada ka yi wa mai saye alkawarin launi. Ana gane mace da gajerun fukafukai, da zagayayyen ciki, da wani ɗan farin ɗigo a ƙarƙashin cikinta, wanda ta nan ƙwai yake fita. Kafin haɗawa a raba su mako biyu ana ba su abinci mai rai ko daskararre sau biyu ko uku a rana.

A cikin waɗannan makonni biyu ne za ka shirya abincin 'ya'yan, kuma wannan shi ne matakin da ba a tsallakewa, domin ɗan beta yana fitowa da bakin da garin abinci ma ya yi masa girma, kuma ba ya kula abin da ba ya motsi. Ka cika kwalabe biyu ko uku da tsohon ruwan tanki, ka jefa guntun ganyen latas ko busasshen ɓawon ayaba, ka ajiye inda haske yake. Ruwan zai yi gurɓi ya yi ɗan wari, bayan kamar mako ɗaya ya fara washewa, idan ka ɗaga kwalbar a haske za ka ga wani farin hazo yana motsi. Waɗannan ƙananan halittu su ne abincin kwanakin farko. Na biyu shi ne atimiya, ƙaramin jatan lande na ruwan gishiri, wanda masu ƙyanƙyasar tarwada suka san shi sarai. Ka kula wurin saye, domin akwai wanda aka ɓare aka busar wanda ba ya ƙyanƙyashewa, kai kuwa mai ƙyanƙyashewa kake nema. Ana narka gishiri giram 25 zuwa 30 a lita ɗaya ta ruwa, a zuba ƙwan kaɗan, a sa tiyon iska ya riƙa juya shi, cikin awa 24 zuwa 36 sai ya fashe. Ka gwada wannan ka ga ya yi tun kafin ka haɗa iyayen. Gwaiduwar dafaffen ƙwai da wasu suke amfani da ita tana ceto a lokacin matsi, amma tana ɓata ruwa da sauri, iya abin da kan tsinke ya ɗauko ya isa.

Tankin saduwa ya zama mai faɗi, kamar mai cin lita 40, a zuba ruwa zurfin santimita 12 zuwa 15 kawai, ba yashi ba tsakuwa a ƙasa domin uban ya iya ganin ƙwan da ya faɗi. Ɗumi ya tsaya a digiri 27 ko 28, ruwa ya kwanta ba motsi, a sa ganyen almon yana yawo a gefe ɗaya domin sheƙa, a ɗaya gefen kuma a cunkusa tsirrai inda mace za ta ɓuya. A fara sa namiji ya kwana, sannan a sa mace a cikin gorar roba mai haske da aka yanke samanta da ƙasanta, a tsayar a cikin tankin, yana ganinta amma ba ya iya taɓa ta. Zai buɗe kumatu ya baje fukafukai yana zagaya ta, yana komawa yana ƙara kumfa. Macen da ta shirya takan fitar da zane-zane a tsaye a jikinta, musamman idan mai duhun launi ce, ta sunkuyar da kai idan ya matso. Zane a kwance daga kai zuwa jela kuwa alamar tsoro ce, a ƙara mata lokaci. Bayan kwana ɗaya ko biyu, idan sheƙa ta yi kauri, a ɗage gorar a hankali da safe a ranar da kake gida. Kora da ɗan cizo dole ne, amma idan ka ga ta jigata tana kwance a kusurwa, ko kwana uku sun wuce ba a yi komai ba, ka raba su.

Idan lokaci ya yi, ita da kanta take zuwa ƙarƙashin sheƙar. Sai ya juya ta ciki sama, ya lanƙwasa jikinsa ya naɗe ta, su tsaya cik na ɗan lokaci, ƙwai farare da ba su wuce milimita ɗaya ba su fara zubowa suna nitsewa sannu a hankali. Ita takan sandare ta taso sama a karkace har mai kallo ya zaci ta mutu, shi kuwa yana farfaɗowa ya bi ƙwan ƙasa yana tsince su da baki, ya haura ya tofa su cikin kumfa. Karon farko da na biyu sau da yawa babu abin da yake fita, sai sun daidaita. Haka za su yi ta yi na wasu awoyi, har ƙwai ya ƙare ya kore ta. Nan take a fitar da ita ba tare da an girgiza sheƙar ba, a sa ta a tsabtataccen ruwa mai ɗumi ta warke, domin daga wannan lokaci kallon ɓarauniyar ƙwai yake yi mata.

Uban ne yake raino. Ba ya barin ƙarƙashin sheƙar, yana gyara kumfa yana cire ƙwan da ya lalace, kuma an fi so a bar masa ɗan haske da daddare, a kuma daina leƙa shi kowane lokaci, domin namijin da aka dama, ko wanda karonsa na farko ke nan, yakan cinye ƙwan. Cikin awa 24 zuwa 48 ƙwan zai ƙyanƙyashe, za ka ga sirarun jelolin 'ya'yan suna reto daga kumfar, duk wanda ya suɓuce ya faɗo uban ya cafe shi ya mayar. Kwana biyu ko uku suna rayuwa da gwaiduwar da ke manne a cikinsu, ba a ba su komai. Ranar da ka ga sun fara iyo a kwance suna watsuwa, aikin uba ya ƙare, a fitar da shi, a fara ɗiga musu ruwan kwalaben nan sau uku a rana. Bayan kwana uku ko huɗu a shigo da atimiya da aka tace aka ɗauraye da ruwan daɗi. Hanyar gane sun ci ita ce a haska tocila daga gefe: cikin kowane ɗa zai yi jawur ya taso, wanda cikinsa yake fari a shafe kuwa yunwa yake ji.

Bayan mako ɗaya a kunna matacin soso a mafi ƙarancin ƙarfinsa, a fara zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyon iska zuwa cikin farin kwano, a duba kwanon da kyau a mayar da duk ɗan da ya biyo ruwa, sannan a mayar da sabon ruwa ɗigo-ɗigo, ana ƙara zurfinsa kaɗan-kaɗan. Tsakanin mako na uku da na shida gaɓar shaƙar iskar nan take ginuwa, kuma a lokacin dole tankin ya kasance a rufe domin iskar da ke saman ruwa ta zauna da ɗumi da laima. Busasshiyar iska mai sanyi tana yi musu illa a wannan mataki. Daga wata ɗaya a mayar da su wuri mafi girma, a fara ba su ƙumar ruwa, wato wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa, da yankakkiyar tsutsa da niƙaƙƙen abinci, a yawaita sauya ruwa, a kuma ware manya daga ƙanana domin kada su danne su wurin ci. Da zarar ka ga wani ya fara baje kumatu yana korar 'yan'uwansa, ka cire shi zuwa mazubinsa mai lita biyu ko fiye, ka sa kwali tsakanin mazubai domin kada su wuni suna hararar juna. Matan suna iya ci gaba da zama tare a babban wuri mai maɓoya da yawa, ana sa musu ido.

A kowace haihuwa ba a rasa masu karkataccen baya ko waɗanda ba sa iya iyo. Wanda zai iya rayuwa a bar shi ya rayu amma kada a yi iri da shi, wanda yake cikin wahalar da ba ta da magani kuwa a sa shi a ƙaramin mazubi a ɗiga man kanumfari da aka kaɗa da ruwa, zai yi barci sannan a ƙara har numfashi ya tsaya. Masu neman tsayar da launi sukan haɗa 'yan'uwa, amma bayan zuriya biyu ko uku a shigo da jini daga waje. Kada ka zubar da rarar kifi a kogi ko tafki ko kwata. A arewacin Ostareliya an sami beta sun yaɗu a fadamun kogin Adelaide ta irin wannan hanya, kuma baƙon kifi yana takura wa na gida. Idan za ka kai wa mai saye, ka hana kifin abinci kwana ɗaya, ka sa kowanne a ledarsa shi kaɗai, kashi ɗaya ruwa kashi biyu iska, ka jera su a kwali mai duhu da rana ba ta bugunsa, ka kuma gaya wa mai karɓa ya bar ledar ta yi yawo a kan ruwan tankinsa na minti 15 zuwa 20 kafin ya sake shi.